Ranar da Na Saki Bangon Ɗakin Kaka

A gidanmu taka wa tsoho baya aikin auta ne. Ban san wanda ya fara shi ba, haka na tashi na tarar. Idan bayan Kaka ya motsa, ƙaramin gida ake kira, don shi ne marar nauyi, kuma ni ce ƙaramar. Daga kaina Inna ba ta sake haihuwa ba. Yayyena mata biyu sun yi aure, ɗaya a Kiyawa ɗaya a Aujara, 'ya'yansu suna can tare da su, yayana namiji kuma yana Kano. Sai aikin ya tsaya a kaina tun ina shekara biyar, har wannan hutun da ya wuce, da na dawo gida daga aji huɗu na sakandare.

Kaka mahaifiyar Baba ce. Sunanta aka sa mini, shi ya sa take kirana Takwara, sauran mutanen gida kuma su ce Auta. Ɗakinta na ƙarshe ne a gidan, ƙofarsa tana kallon duwatsun Dutse da kawunan dabinai. Ciwon nata a kwankwaso yake, daidai inda ake ɗaura zane, kuma da damina ya fi tayar mata. Idan ta tashi da shi, tun daga yadda take jan buta za ka gane.

Muna da yadda muke yi, kuma ba ma tsallake ko ɗaya. Da hantsi Inna za ta zuba yashi a kasko ta ɗora a wuta. Idan ya ɗauki zafi sai a juye a tsohon zane a ƙulle, a gwada a kumatu tukuna, sannan a ɗora mata a kwankwason har sai wurin ya yi gumi. Daga nan in shafe shi da man kaɗanya, in murza da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe. Sai ta kwanta rub da ciki a tabarma, a ƙasa, dab da bango. Ni kuma in wanke ƙafata, in dafa bangon da hannu biyu, in taka. Da ina ƙarama da ƙafa biyu nake hawa, in yi ta zirga-zirga daga kafaɗa zuwa ƙugu ina dariya. Da na fara girma, ni da kaina na koma ƙafa ɗaya, ɗayar tana ƙasa, yawancin nauyina yana jikin bango. Idan an gama ta ɗaure ƙugunta da ɗankwali tamau, ta sha kunun kanwa da citta, ta miƙe ta ce ta dawo budurwa.

Ba ma yin aikin nan shiru.

"'Yar boko," in ji ta, fuskarta a cikin tabarma, "me suke ba ku a makarantar nan? Ƙafa sai ka ce ta raƙumi."

"Wake ne, Kaka, da ƙwarinsa."

"Shi ya sa. To wa zai kwashe ki a haka? Ni a shekarunki sai da aka yi dambe a kaina."

"Makafi ne suka yi damben."

"Ja'ira. Ƙasa kaɗan. Yauwa, nan."

Ni kuma in ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe, ta ƙi tafiya ta bar mana ɗakin. Wasan jika da kaka ne, kowa yana yi. Yanzu idan na tuna na faɗa, bakina ɗaci yake yi.

A ƙarƙashin ƙafata na ji labarin inda ciwon ya samo asali, kuma ba a rana ɗaya na ji shi ba. Gutsure-gutsure take ba ni, yau kaɗan, baɗi kaɗan, sai ni na harhaɗa.

Ta ce lokacin Nasara ba su daɗe da zuwa ba, ita kuma ba ta fi shekara goma ba. Aka aiko wa dagaci cewa za a yi hanya, kowane gida ya ba da mutum. Mahaifinsu yana kwance da kurkunu a ƙafa biyu, ko bakin zaure ba ya iya kaiwa, kuma ba shi da ɗa namiji. Aka ce to yara mata biyu sa tsaya a madadin babba ɗaya. Sai aka tafi da ita da yayarta, wadda ta girme ta da shekara uku ko huɗu. Maza suna haƙar marmara, su kuma suna ɗauka a kwando suna kaiwa inda ake zubawa. Daga fitowar rana har ta yi ja. Ta ce Baturen sau biyu kawai ta gan shi, daga nesa, a gindin tsamiya. Wanda ta sani shi ne mai kula da aikin, baƙin mutum irinmu, mai tsumagiya, wanda ba ya son ya ga kwando ya tsaya. Ta ce ba ma sai ya daka ba. Kallo kawai yake yi.

Idan aka tashi, bayansu ba ya miƙuwa. Babu yashin gashi, babu mai, babu uwa. Sai su je bayan bukkar da aka tara su, ɗaya ta kwanta ɗaya ta taka mata, sannan su yi musanya. Babu bango a wurin, don haka mai takawa sai ta buɗe hannuwa kamar mai tafiya a kan katanga.

"Yaya ta fi kowa iyawa," in ji Kaka. "Duk nauyinta take sakar mini, in ji ƙashin ya ce ƙas, sai barci."

Yayar ba ta dawo gida ba. Zazzaɓi ya kama ta a sati na uku, wuyanta ya sanƙare, kwana biyu ta rasu. A gefen hanyar aka binne ta, ba a ma dakatar da aiki ba. Kaka ta ƙarasa kwanakin ita kaɗai, tana ɗaukar kwandonta, babu mai taka mata. Ta ce tun daga nan bayan bai sake zama nata ba. Na taɓa tambayar ta ko za ta gane wurin kabarin. Ta ce an faɗaɗa hanyar sau biyu tun lokacin, wataƙila motoci a kai suke bi.

Tun bara na lura da wani abu, ban gaya wa kowa ba. Idan takun ya yi mata daɗi, idonta ya rufe, wani lokaci sai ta ce, "Yaya, sama kaɗan." Ranar farko na yi dariya na ce, "Kaka, ni ce fa." Sai ta ce, "Na sani mana, ke wa kika ɗauka na ce?" Daga baya na daina gyara mata. Sai dai duk lokacin da ta faɗa, nakan ji kamar akwai wata a tsaye a bayana tana jiran in sauka ta hau.

A makaranta malamar kiwon lafiya ta taɓa zana mana ƙashin baya a allo, gaɓa-gaɓa, ta ce idan mace ta tsufa ƙashinta yakan zama kamar busasshen kara, waje lafiya, ciki fanko. Na rubuta a littafina. Na ci wannan tambayar a jarrabawa. Ina so a san wannan, domin ba zan ce ban sani ba.

Ranar Laraba ce. An kwana biyu ana ruwa, garin ya yi sanyi, ƙasan ɗakin ma da danshi. Kaka ta tashi ba ta iya ko sunkuyawa ta yi alwala. Baba ya tafi gona tun da sassafe. Inna ta gasa yashin ta miƙo mini, ta ce za ta leƙa maƙota barkar haihuwa, ba za ta daɗe ba. Na yi gashin, na shafa man, na wanke ƙafa. Na dafa bango na ɗora ƙafar dama.

Na daɗe ina takawa ba ta ce uffan ba, babu tsiya, babu zancen raƙumi. Sai nishi.

"Bai kai ba," in ji ta.

Na ƙara dannawa.

"Bai kai ba, Takwara. Hau da biyu."

"Kaka, na yi nauyi fa."

"Nauyin me? Ke da na goya jiya-jiya? Hau."

Na hau da biyu, amma na rataye a jikin bangon. Ina jin ƙasusuwanta a tafin ƙafata ɗaya bayan ɗaya, kamar na taka carbi. Na yi niyyar in ƙirga goma in sauka. Na kai shida sai ta yi magana, kuma ba da muryar da na sani ba. Siririya ce, ta yarinya, irin ta mai shirin kuka.

"Yaya, saki mana. Gobe da aiki. Don Allah, Yaya, saki duka."

Na sha tambayar kaina me ya sa. Ba biyayya ba ce, don sau nawa nake ƙin maganar Kaka. Abin da zan iya faɗa kawai, a wannan lokacin na ji kamar ba ni ake roƙo ba, kamar ba ni da hurumin hanawa. Yarinya ce a kwance tana roƙon yayarta, ni kuma ina tsakaninsu na tare hanya. Sai na ɗauke hannuna daga bangon. Na ma buɗe su, dama da hagu.

Ƙarar ba ta da yawa. Ba irin ƙas ɗin da muka saba ba ce, wadda hamdala take biyo bayanta. Wannan a ciki ta yi, can ƙasa, kamar an taka ƙwai a cikin tsumma, kuma na ji wurin ya lotsa a ƙarƙashin dugadugina. Na diro. Kaka ba ta yi ihu ba. Ta buɗe baki, iska ta fita, yatsunta suka kama bakin tabarma suka murɗe shi.

"Kaka. Kaka! Kaka, ki yi magana."

Da ƙyar ta ce, da muryarta ta kullum, "Kada ki taɓa ni."

Na durƙusa a gefenta ina salati, ban san adadin da na yi ba. Na ga gumi yana tsattsafo mata a wuya. Can ta juyo da ido ɗaya ta dube ni.

"Goge ƙafarki," in ji ta.

Ban gane ba.

"Man. Goge shi. Ki ɗauko butar can ki kifar a bakin ƙofa. Santsi ne ya kwashe ni ina fitowa, ke kika jawo ni ciki. Kin ji ko?"

"Kaka, ni ce..."

"Ke ce me? Rufe mini baki. Yi abin da na ce."

Na yi. Na goge tafin ƙafata da gefen zanena, na kifar da butar, ruwan ya bi ta kan dokin ƙofa. Da Inna ta shigo ta gan mu, ta saki mayafinta ta ce, "Innalillahi! Iya, me ya same ku?" Kaka ta ba ta labarin santsi tsaf, har da cewa ta daɗe tana faɗa a zuba ƙasa a wurin ba a zuba ba. Inna ta fashe da kuka tana cewa laifinta ne, da ba ta fita ba. Ina tsaye ina ji. Na bar ta ta ɗauki laifin.

Aka kira Baba daga gona. Aka samo a-kori-kura, aka cire ƙyauren ɗaki aka kwantar da ita a kai, maza huɗu suka ɗauka. A kan hanyar asibiti ina riƙe da kanta a cinyata, duk ramin da motar ta faɗa sai ta cije leɓe. Ban iya kallon gefen titi ba. Duk wani ɗan tudu da na hanga a cikin ciyawa sai in tuna da kabarin yayar Kaka.

Aka yi hoton ƙashi. Likitan ya ɗaga shi a hasken taga ya nuna wa Baba wata gaɓa da ta fi sauran gajarta, ta murƙushe ta gaba. Ya tambaya ko faɗuwa ta yi, Baba ya ce e, santsi ne. Ya ce a irin shekarunta ba wuya, wata ma tari kawai za ta yi ya faru. Ya ce ƙafafun suna motsi, wannan abin godiya ne, a kai ta gida ta kwanta a wuri mai tauri, a riƙa juya ta, a ba ta maganin ciwo, kada a danna wurin ko kaɗan. Baba ya ce, "Za ta tashi?" Likitan ya ce wasu suna tashi.

Maganar tarin nan na riƙe ta kamar wadda ta faɗa rijiya ta samu igiya. Na yi ta maimaita wa kaina: ko ba ni ba, da tari ma zai yi. Amma ba tari ne ya yi ba.

Sati biyar ina jinyarta. Ni nake juya ta, ni nake sa mata matashi a ƙarƙashin gwiwa, ni nake kai kasko in zubar. Yashin ɗumi kawai muka ci gaba da shi, a gefe-gefe, ba a kan wurin ba. 'Yan dubiya suna zuwa suna cewa Allah ya yi wa Auta albarka, irin wannan jika sai an tona. Kowace albarka kamar an ɗora mini dutse. Kaka kuwa ba ta sake tayar da zancen ba, ko muna mu biyu. Tsiyar ma ta ɗan dawo. Ta ce hannuna kamar na mai sassabe, mijina ya shiga uku. Na yi ƙoƙarin ramawa, abin ya ƙi fitowa.

A sati na shida ta fara zama idan an jingina ta. Rannan da la'asar ina ba ta kunu, sai ta ture kofin.

"Takwara, kwantar da ni rub da ciki."

"Likita ya hana, Kaka."

"Likita ya san bayan nan ne? Shekararsa nawa? Ji nan. Abin gocewa ya yi, ina jin sa. Ke kika ture shi, ke za ki mayar da shi. Taku ɗaya, daga ɗaya gefen. In ba haka ba a nan zan ƙare."

"Wallahi ba zan iya ba."

"Da kika hau da biyu kika saki bango ai kin iya."

Sai hasken ƙofa ya ragu. Baba ne a tsaye, da fartanya a kafaɗa, ya zo gaishe ta kamar yadda yake yi kullum idan ya dawo. Ban san tun yaushe yake wurin ba, amma fuskarsa ta nuna ya ji abin da ya isa. Ya jingine fartanyar a hankali. Ya shigo ya tsuguna.

"Iya, ba santsi ba ne ke nan."

"Santsi ne," in ji Kaka. "Kai kuma wa ya kira ka?"

Ya juyo gare ni ya ce, "Auta, tashi tsaye."

Na tashi, kofin yana hannuna, kunun yana zuba a ƙafata. Na ɗauka duka ne, kuma da ya dake ni da na ji sauƙi. Sai kawai ya dube ni daga sama har ƙasa, ya daɗe, kamar baƙuwa ce ta shigo masa gida. Kaina ya kusa taɓa azarar ɗakin.

"Yaushe kika kai haka?" in ji shi.

Ba ni yake tambaya ba. Ya sa hannu ya rufe fuskarsa. Na ce, "Baba, ka yafe mini, na san bai kamata ba, an koya mana." Ya girgiza kai ya ce, "Ni nake aika ki. Ranar ma kafin in fita ni na ce a tashe ki ki taka mata." Kaka ta ce mu duka mu fita mu ba ta wuri, mun cika ta da surutu, mutum ba zai yi ciwonsa cikin rufin asiri ba. Sannan ta juya fuskarta bango. Ban taka ba, kuma ba ta sake nema ba. Kwana uku ba ta kira ni Takwara ba, sai "ke."

Ana saura kwana huɗu in koma makaranta aka gwada tsayar da ita. Baba ya kama hammata ɗaya, Inna ta kama ɗaya, ni na riƙe sandar da aka sassaƙa mata ina jira ta karɓa. Tafin ƙafarta ya taɓa ƙasa. Ta miƙa hannu wajen sandar, har yatsunta sun shafe ta. Sai gwiwoyin suka naɗe, ta yi wani sauti da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba. Ta ce, "Ku mayar da ni." Aka sake gwadawa washegari, da jibi. A na ukun ta ce kada wanda ya ƙara ɗaga ta, ta gama tsayuwarta ta duniya. Baba ya ɗauki sandar ya fita da ita, ban san inda ya kai ta ba.

Da safen da zan tafi, ta ce tana son rana, ta gaji da warin ɗaki. Baba yana zaure da mai motar da zai kai ni tasha. Sai na durƙusa na ba ta baya, Inna ta taimaka ta ɗora mini ita, ta ɗaure mu da zane. Na yunƙura da ƙarfi don na ɗauka zan ji nauyi, har na kusa kifawa. Ba ta kai tulun ruwa ba.

Daga ƙofar ɗakinta zuwa gindin dabinon tsakar gida bai fi taku ashirin ba. Na bi a hankali, numfashinta yana dukan wuyana. A tsakiya na tsaya in gyara zanen da ya zame. Sai na ji yatsunta sun nutse a kafaɗata, ta kawo bakinta dab da kunnena.

"Kada ki tsaya, Yaya," ta ce da raɗa. "Yana kallonmu."

Na waiwaya. Inna ce kawai a bayanmu da tabarma a hannu, sai akuya tana cin dusa a gindin turmi. Ban gyara zanen ba. Na ci gaba da tafiya.